Yadda Na Riƙe wa Yaya Ofis Har Ta Gama Jego

Makarantar da nake koyarwa tana Aboabo ne, a cikin Kumasi ta ƙasar Gana, irin makarantun kuɗin nan da suka yawaita a unguwannin Zango: boko da safe, Islamiyya bayan azahar. Muna da yara tun daga ajin raino har aji uku na ƙaramar sakandare. Mai makarantar dattijo ne ɗan kasuwa, kowa Alhaji yake ce masa, kuma rabin satinsa a hanyar Techiman da Tamale yake ƙarewa wajen sayen hatsi. Malamai da ɗalibai suna hannun hedimasta. Amma duk abin da ake kira kuɗi, daga na alli har albashin ma'aikata, a hannun mace ɗaya yake, akawunmu, wadda mu matan makarantar muke kira Yaya. Ta haura shekara goma a kan wannan tebur.

A farkon 2024 cikinta ya tsufa, asibiti kuma sun riga sun shaida mata 'yan biyu ne. Alhaji ya sa aka kira ni, na same shi tsaye a jikin motarsa yana shirin tafiya. Ya ce, "Malama, tunda ke ce ta lissafi, ki riƙe mana ofis kafin baiwar Allah nan ta dawo." Na ce, "To Baba, Allah ya ba mu iko. Sai dai ina roƙon alfarma ɗaya, a rubuta mini a takarda." Ya dube ni ya ce, "Tsakanina da ke har sai da takarda?" Na ce masa ba don shi ba ne, don banki ne da iyayen yara da sauran malamai.

Dalilina kuwa shi ne, wanda ya riƙe wa wani aiki, tun ranar farko nauyin gaba ɗaya yake hawa kansa, amma iko sai ɗan abin da aka yanka masa. In kuɗi suka yi ƙafa, ba mai cewa a yi mata uzuri ai riƙon ƙwarya take yi. In kuma ta je banki cire sidi ɗari, wato kuɗinmu na Gana, sai a tambaye ta ita wa. Tsakanin waɗannan biyun mutane da yawa suka rasa mutuncinsu, ba don sun ci amana ba, sai don ba a taɓa shata musu inda hurumin nasu ya tsaya ba. Ko mulkin ƙasa bai tsira daga wannan ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya ba su manta ba, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamba na 2009 ba tare da majalisa ta karɓi wasiƙar miƙa mulki ba, aka yi ta ja-in-ja har 9 ga Fabrairu 2010 kafin majalisar ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi. A nan Gana, tsarin mulkin 1992 ya ce in shugaban ƙasa da mataimakinsa duk ba sa nan, kakakin majalisa ne zai riƙe, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta yanke cewa duk sanda hakan ta faru sai an sake rantsar da shi, ko da na kwana biyu ne. In kujerar shugaban ƙasa ba ta wuce a tsaya a fayyace ba, teburin akawu ma bai wuce ba.

Ni da Yaya da hedimasta muka zauna muka tsara takardar, da Turanci saboda banki. Gajeruwa ce, shafi ɗaya. Ta faɗi ranar da zan fara, ta ce riƙon zai ƙare ranar da mai ofis ta dawo. Zan karɓi kuɗin makaranta in ba da rasit, zan haɗa albashi, zan biya fansho da haraji da wuta da ruwa. Zan iya kashe har sidi 500 a kan buƙatar yau da kullum ba tare da na nemi izini ba, abin da ya haura haka sai da yawun Alhaji. Ba ni da ikon yafe wa kowa bashi, ko ƙara kuɗin makaranta, ko ba da rance. Aka kuma rubuta alawus ɗin da za a ɗora mini a kan albashina. Wannan layin na ƙarshe Yaya ce ta dage a saka. Ta ce, "Ƙanwata, in ba a faɗi kuɗin wahala tun farko ba, a ƙarshe da 'Allah ya saka da alheri' za a sallame ki, ke kuma kunya ba za ta bar ki ki tambaya ba." Alhaji ya sa hannu, aka buga hatimin makaranta, kowa ya riƙe kwafi.

Tsawon hutun nata ba mu muka ƙirƙira ba. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, wadda ake kira doka ta 651, ta ba mace mai aiki aƙalla mako 12 na hutun haihuwa da cikakken albashinta, ban da hutunta na shekara. In haihuwar ta zo da matsala ko aka haifi fiye da ɗa ɗaya, ana ƙara aƙalla mako biyu. Ke nan Yaya tana da mako 14. Na kawo wannan ne domin a ƙananan makarantun kuɗi da shaguna mata da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba. Ana yin arba'in sai ka ga mace ta goyo jariri ta dawo, don tsoron kada a ba wata gurbinta.

Miƙa ofis ɗin da kansa aiki ne na zama a ƙasa a baje komai. Muka ƙirga kuɗin da ke cikin akwatin ƙarfe a gaban hedimasta, takarda daban, silalla daban, muka rubuta, mu uku muka sa hannu. Muka rubuta lambar rasit na ƙarshe da ta yanka da adadin littattafan rasit da ba a taɓa ba, domin rasit da ya ɓata kuɗi ne ya ɓata. Ta ba ni makullai a zare guda, kowanne ta manna masa farar takarda da sunan ƙofarsa. Ta ba ni sunayen waɗanda makaranta ke bi bashi da waɗanda ke bin makaranta: mai kawo shinkafa da man girki, mai buga mana takardun jarrabawa, telan da ke ɗinka yunifom. Ta nuna mini katin mitar wuta da inda ake ajiye takardar izinin gudanar da makaranta da muke sabuntawa a ƙaramar hukumar Asokore Mampong, wadda Aboabo ke ƙarƙashinta tun da aka cire ta daga Kumasi a 2012.

Banki ne ya fi cin lokaci, kuma duk wanda zai shiga irin wannan riƙo ina ba shi shawara ya fara da shi. Ƙara sunan mutum cikin masu sa hannu a asusu yana buƙatar wasiƙar mai asusun, da cike fam, da hoto, da katin ɗan ƙasa, wanda tun Yuli 2022 shi kaɗai bankuna ke karɓa a matsayin shaida. Sannan a jira a tabbatar. Muna cikin wannan jiran naƙuda ta kama Yaya, kafin lokacin da aka ɗiba mata, kamar yadda 'yan biyu suka saba. Tsakar dare mijinta ya kira ni daga asibitin Komfo Anokye, ya ce an samu mace da namiji, kowa lafiya. Da gari ya waye na buɗe ofis ni kaɗai. Albashin Fabrairu sai da Alhaji ya katse tafiyarsa ya dawo daga Tamale ya sa hannu a cak kafin malamai suka ga kuɗinsu.

Wayar MoMo kuwa, wato wadda ake turo kuɗi ta layinta, wata duniya ce. Layin da iyaye ke turo kuɗin makaranta a kansa da sunan Yaya yake, da katinta aka yi masa rajista lokacin da gwamnati ta sa kowa ya sake rajistar layinsa daga Oktoba 2021. Ta bar mini wayar da lambar sirrinta. Raina bai kwanta da wannan ba, domin a idon kamfanin waya kuɗin da ke ciki nata ne, ni kuma ina taɓa su ba da sunana ba. Abin da na iya yi shi ne kowace yamma in kwafe duk saƙon da ya shigo a littafi, da lokaci da lamba da suna, ƙarshen mako in cire in kai banki, hedimasta ya duba ya sa hannu. Wahalar ba a nan take ba. Kuɗi sukan shigo da sunan da ba na uba ba, ba na uwa ba: kawu ne a Nima, ko gwaggo a Ashaiman, ko mai shagon MoMo na bakin titi da aka ba shi a hannu ya turo. Babu sunan yaro, babu aji. A lokacin kuma harajin tura kuɗi ta waya yana nan, kashi 1 cikin ɗari, kafin a soke shi a Afrilu 2025, sai wasu iyayen su rage abin da suka turo su ce ai an cire musu caji. Yaya tana kallon suna ta san ɗan wa ne. Ni sai na bi aji-aji ina tambaya, "Wa ke da kawu mai suna kaza?" Akwai sidi 350 da suka shigo a watan Maris na rasa mai su ƙememe. Na buɗe musu layi daban a littafi, na bar su a nan ban haɗa da komai ba.

Akwai wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ta damƙa mini daga ƙarshe, bayan hedimasta ya fita. Ba ɓoyayye ba ne, Alhaji ya san da shi, amma ba a baje shi a gaban mutane. Sunayen gidajen da ke biya kaɗan-kaɗan ne, da marayu, da waɗanda wani bawan Allah ke biya musu bai son a sani. Ƙa'idar makaranta ita ce in zango ya raba tsakiya ana korar waɗanda ba su biya ba su je su zo da kuɗi. Ta ce, "Duk sunan da kika gani a nan, kada mai gadi ya tare shi a ƙofa. Ba yafe musu aka yi ba, suna biya. Lokacinsu ne daban."

Ranar wata Litinin na ga amfaninsa. Wata tsohuwa ta shigo, mai sayar da koko da ƙosai a bakin Akwatia Line, jikokinta biyu suna aji uku da aji biyar. Ta tsaya a ƙofa ta leƙa, da ta ga ba Yaya ba ce sai ta ja da baya. Na miƙe na ce, "Mma, shigo mana, ina kwana? Ni ke riƙe mata." Ta zauna a bakin benci, ta kwance haɓar zaninta, ta fito da kuɗi a nannaɗe, sidi biyar-biyar da bibbiyu, duk sun sha mai. Ta ce, "'Yata, miliyan ɗaya da rabi ne." Tun Yuli 2007 aka canza kuɗin Gana, aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, amma har yau tsofaffinmu da 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Miliyan ɗaya da rabi sidi 150 ke nan. Na ƙirga, suka cika. Na buɗe baƙin littafin na sami shafinta, layi-layi na shekaru, ba Litinin ɗin ƙarshen wata da ta taɓa tsallakewa. Na rubuta, na yanka mata rasit, na karanta mata abin da ya rage da irin lissafinta. Sai a sannan ta saki fuska ta tambaye ni ya mai jego da 'yan biyu. Da babban littafi kaɗai na bi, jikokin matar nan suna cikin waɗanda za a tare a ƙofa a makon.

Inda na fi zama da biro da kalkuleta shi ne ƙarshen wata. Albashi ba miƙa wa mutum kuɗinsa ba ne kawai. A kan kowane ma'aikaci ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na tushen albashinsa don fansho, makaranta ta ɗora kashi 13 daga aljihunta, ya zama 18.5. Daga ciki 13.5 na tafiya SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, 5 kuma asusun fansho na biyu da kamfanoni masu zaman kansu ke riƙewa, kamar yadda dokar fansho ta 2008 ta tsara. Malamin da tushen albashinsa sidi 1,000 ne, za a cire masa 55, makaranta ta ƙara 130. SSNIT ta karɓi 135, ɗaya asusun ya karɓi 50. Bayan nan sai harajin albashi na GRA, wato hukumar tara haraji ta ƙasa, wanda a shekarar sidi 490 na farko a wata ba a taɓa su, daga nan yake hawa mataki-mataki. Har albashin mai shara da mai taimaka wa kuku sai da na auna da mafi ƙarancin ladan yini na 2024, sidi 18.15, in tabbatar ba mu gaza ba. Kuɗin SSNIT dole su shiga kafin 14 ga watan da ke biye ya wuce, in an makara akwai tarar kashi 3 cikin ɗari a kowane wata. Na haraji kuma wa'adinsa 15 ga wata.

A takardar da Yaya ta bar mini ta rubuta da jan biro: a biya duka biyun kafin 10 ga wata. Da watan Maris ya kama, azumi na ƙaratowa, Alhaji ya kira ni ya ce in ɗan jinkirta na fansho zuwa ranar 14, a yi amfani da kuɗin a sayo wa malamai shinkafa da sukari, kafin nan kuɗin makaranta sun shigo a mayar. Niyyarsa alheri ce, kuma a lissafi abin zai yiwu. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce kafin goma, ni kuma ban san abin da ta gani ba da ta ce haka. In kana so a canza, mu bari ta dawo." Ya yi shiru, sannan ya ce to in biya, shinkafar zai saya da kuɗinsa. Na biya kafin ƙarshen makon. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, muna farkon azumi, wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa, intanet ya ɗauke a yawancin Gana da Najeriya da maƙwabta. Bankuna suka shiga wahala, shafukan biyan kuɗi suka ƙi buɗewa, aka kwashe kwanaki kafin abubuwa su daidaita. Ba wanda ya san haka za ta faru, ita ma ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne a ƙasar nan ko wuta ta ɗauke, ko na'ura ta tsaya, ko layi ya yi tsawo, don haka ba a kai biyan hukuma ranar ƙarshe.

Daga nan na ƙara riƙe wata ƙa'ida da na ɗora wa kaina: ba zan sauya tsarinta ba. Akwai abubuwan da na ga za a iya gyarawa. Lissafin bashi da take yi da hannu, kwamfuta za ta yi shi cikin minti kaɗan. Kuɗin abincin rana da ake karɓa kullum da safe aji-aji yana cin lokacin darasi na farko. Na sayi ƙaramin littafi na riƙa rubuta irin waɗannan don in ba ta in ta dawo. Ofis ɗin zai koma hannunta ne, kuma mace da ta dawo da jarirai biyu ba ta buƙatar ta tarar an juya mata komai, ta zama baƙuwa a teburinta.

Haka kuma ban riƙa damunta da waya ba. Mai jego da 'yan biyu barcinta ma rabi ne. Na tara tambayoyina a takarda, ranar Juma'a bayan la'asar in hau pragya, wato keke mai ƙafa uku, in je gidansu a Sawaba, in karɓi ɗaya daga cikin jariran ita tana shayar da ɗayan, in karanto mata tana ba ni amsa. Sau da yawa kafin Juma'ar ta zo rabin tambayoyin sun amsa kansu.

Mutane kuwa sukan gwada sabon hannu, wannan ba sai an faɗa ba. Wani saurayi daga dangin Alhaji ya shigo wata rana da hantsi ya ce Alhaji ya ce in ba shi sidi 800 za a gyara motar makaranta. Na ce masa ya zauna, na kira Alhaji a gabansa, wayar ba ta shiga. Na ce to sai ta shiga. Ya ɓata rai ya ce Yaya ba ta yi masa haka. Na jawo takardata daga aljihun tebur na nuna masa layin sidi 500 da sa hannun baffansa. Na ce, "Ɗan'uwa, ba ƙin ka nake yi ba. Abin da aka ba ni ke nan." Da yamma Alhaji ya kira ya ce gaskiya ne shi ya aiko shi, in ba shi, ya kuma kawo rasit ɗin bakanike. Na ba shi, ya kawo. Ba a sake zuwa mini da "Alhaji ya ce" ba tare da Alhaji ya riga ya kira ba.

Wanda ya fi mini ciwo shi ne na abokan aikina. Ana saura kwanaki ƙaramar sallah, kaya sun yi tsada, hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari, malamai suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna neman a ba su wani abu daga albashin wata mai zuwa. Mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya da su ne, na san gidajensu, na san wadda mijinta ba ya aiki. Ba ni da ikon ba da rance, amma ina da ƙafar zuwa wurin mai ikon. Na rubuta sunayen duk masu so da abin da kowa ke nema, na lissafa abin da asusu zai iya ɗauka ba tare da an taɓa kuɗin fansho da haraji ba, na kai wa Alhaji gida bayan an sha ruwa. Ya amince da kashi ɗaya cikin uku na albashi ga duk mai so, a cire a wata biyu. Wata malama ta yi fushi da ni na ɗan lokaci don ta so fiye da haka. Na fahimce ta, amma da na ba ta a ɓoye, da na buɗe ƙofar da Yaya ce za ta sha wahalar rufewa.

Duk wannan ina yi ne ban saki aji uku na ƙaramar sakandare ba, domin jarrabawarsu ta kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, tana watan Yuli, ba lokacin sauya musu malamin lissafi ba ne. Sauran azuzuwana aka ɗauko wata yarinya da ta gama babbar sakandare ta riƙe. Na gaji a watannin nan irin gajiyar da ban taɓa yi ba, musamman cikin azumi ga ɗaukewar wuta.

Ana saura kaɗan hutun ya ƙare Alhaji ya zo ofis ya zauna, abin da ba ya yawan yi. Ya duba littattafai ya yaba. Sannan ya ce, "Malama, aikin nan ya karɓe ki. Ita yanzu ga yara biyu a hannu. Me zai hana ki zauna a nan, ita a ba ta ajin raino, ya fi mata sauƙi?" Na san tausayi ne ya sa shi faɗa, kuma ba zan ɓoye ba, alawus ɗin ya yi mini amfani. Na ce, "Baba, ajiya aka ba ni. Kuma duk abin da ka gani ya tafi daidai, a kan layin da ta shimfiɗa ya tafi." Na tuna masa dokar nan ta hana a sallami mace saboda ta tafi hutun haihuwa, kuma ta ba mai shayarwa awa ɗaya a cikin lokacin aiki ta shayar da ɗanta, a biya ta kamar ta yi aiki. Sauke ta daga teburinta ba kora ba ce da suna, amma duk matan makarantar za su gane saƙon, wadda ta samu ciki gaba ba za ta yarda ta huta ba. In ita da bakinta ta nemi sauyi, wannan tsakaninsu ne. Ya ce, "Na ji. Allah ya yi miki albarka." Bai sake tayar da maganar ba.

Ta dawo kafin babbar sallah, da ƙanwar mijinta mai taya ta raino, aka gyara musu ɗan ɗakin da ke bayan ofis. Muka maimaita abin da muka yi da farko, hedimasta na zaune: ƙirga kuɗin akwati, lambar rasit na ƙarshe, takardar banki, ragowar da ke cikin waya, rasit ɗin SSNIT da na haraji wata-wata, makullai. Ta bi baƙin littafin shafi-shafi ba ta ce komai ba sai da ta kai ƙarshe. Da muka zo kan sidi 350 ɗin nan da na rasa mai su, ta karanta sunan da ya turo ta ce, "Ai direban tirela ne a Tema, ƙanin mahaifin yarinyar nan ta aji shida. Duk shekara sau ɗaya yake turowa, ba ya faɗa wa kowa." Ta yanka rasit a take. Muka sa hannu mu uku cewa riƙo ya ƙare a ranar.

Littafin shawarwarina ta karɓa ta karanta a gida. Ta ɗauki biyu ta bar sauran, ta kuma faɗa mini dalilin kowanne. Kuɗin abincin rana yanzu mako-mako ake karɓa ga mai iyawa. Ta roƙi Alhaji a bar sunana a banki a matsayin mai sa hannu na biyu, ya yarda. Layin MoMo kuma aka nemi na kasuwanci da sunan makaranta, aka kai takardar rajistar makarantar da katin Alhaji, ya fito a zangon da ya biyo baya. An buga sabuwar lambar a jikin rasit, an manna a ƙofa, an sanar a taron iyaye da Hausa da yaren Asante. Har yanzu wasu iyayen tsohuwar lambar Yaya suke turawa, ita kuma duk yamma sai ta kwafe ta mayar da su asusun makaranta.